Macizan garka

Damargu ƙasar hatsi ce. Ruwan sama ba shi da yawa. A shekara bai cika kai milimita 400 ba, kuma cikin wata uku yake zuba ya ɗauke. Da an gama kaka, ciyawa ta bushe, sai ƙasa ta koma rairayi da faƙo. Amma a bakin tabkuna, da cikin kwarin Tarka, da kewayen waɗansu rijiyoyi, akwai wuraren da ke kore shar har tsakiyar rani. Su ne garake. Waɗansu suna ce musu lambu. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su kama noman rani, garake suka yawaita a Nijar. Makarantu da dama ma suna da tasu.

Ba mutum kaɗai ke son garka ba. Inda ruwa yake, nan kwaɗi ke taruwa. Inda aka shuka dankali da rogo, nan kusu ke gina rami. Ƙadangaru suna farautar ƙwari a shinge, tsuntsaye suna yin sheƙa cikin ƙaya. Maciji kuwa abincinsa ke nan: kusu, kwaɗo, ƙadangare, ƙwan tsuntsu. Ba tumatir ya zo ci ba, ba kuma mutum ya zo nema ba. Cikinsa ya biyo, da inuwa, da sanyin ƙasa mai laima.

Masu bincike biyu, Jean-François Trape da Youssouph Mané, sun tattara macizai daga ƙauyukan Nijar. A 2015 suka fitar da lissafi: iri 51 aka sani a ƙasarmu. Mafi yawansu ba sa kisa. Masu iya kashe mutum a yankin Tanut da Belbeji kaɗan ne, ana ƙirga su da yatsu. Su ne ya kamata kowane ɗan makaranta ya sani, kamar yadda ya san hanyar rijiya.

Jikin maciji

Maciji ba shi da ƙafa, ba shi da kunne a waje, ba shi da fatar ido. Shi ya sa ba ya ƙiftawa, ko barci yake idonsa a buɗe. Ba ya jin magana kamar yadda muke ji, amma yana jin motsin ƙasa ƙwarai. Takun mutum yana isa gare shi ta ƙasa tun daga nesa.

Harshensa reshe biyu ne. Yana fitar da shi yana mayarwa don ya ɗanɗani iska, da haka yake gane warin kusu ko na mutum. Harshen ba ya harbi. Wutsiya ma ba ta harbi, ba kunama ba ce. Dafi yana cikin ƴan jakunkuna biyu a bayan ido, yana bi ta cikin fiƙa, wato dogayen haƙoran sama, kamar yadda magani ke bi ta cikin allura.

Jikinsa ba ya riƙe zafi da kansa. In gari ya yi sanyi sai ya yi nauyi, ya laɓe a rami. In rana ta yi zafi sosai ya nemi inuwa. Saboda haka an fi gamuwa da shi da hantsi, da almuru, da dare, kuma an fi ganinsa daga faɗuwar damana zuwa ƙarshen kaka. Da ɗari yakan yi wuyar gani, amma garka ta bambanta da daji: ana ban ruwa kullum, abinci ba ya yankewa.

In maciji ya girma yakan tuɓe tsohuwar fatarsa. Ita ce saɓa. Wanda ya ga saɓa a shinge ya san mai ita ba ya nesa.

Kububuwa

Mu fara da ƙarama, gama ita ce babba. A ƙasashen Sahel babu macijin da ya kai kububuwa kisa. Hausawa suna yi mata kirari da "gobe da nisa".

Tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya ba, wato wajen santimita 50. Launinta na ƙasa ne, ja-ja ko toka-toka, da fararen ɗigo jere a gadon baya, kowane da duhu kewaye da shi. In ta kwanta a faƙo ko cikin busasshen ganye, sai mai ido da kyau ke ganinta. Kanta gajere ne, mai faɗi ta baya, wuyanta siriri. Idanunta manya ne, a kusa da hanci. Irin da ta fi yawa a nan arewa, cikinta fari ne tas. Ta kudu, inda ruwa ya fi yawa, tana da baƙaƙen ɗigo a ciki. Wannan bayani na masana ne. Kada wanda ya juya kububuwa don ya duba cikinta!

Babbar alamarta a kunne take. In an dame ta ba ta gudu. Sai ta nannaɗe, ta ajiye kai a tsakiya, ta riƙa goga jikinta da jikinta. Fatarta kaushi gare ta kamar bakin zarto, don haka sai ka ji wani sauti "shshsh", kamar an yayyafa ruwa a kan tanda mai zafi. Ba da baki take yinsa ba. Yaron da ya ji wannan sauti cikin fangalin albasa, ko gindin dami, ya tsaya cak. Ya duba inda sautin ke fitowa, ya ja da baya a hankali. Saranta sauri gare shi, ido ba ya binsa.

Da rana tana ɓuya ƙarƙashin dutse, da tarin kara, da damman hatsi, da tsagar ƙasa. Da dare take fita farauta. Tana cin kusu, da ƙadangare, har da kunama. Mutanen da ta fi sara su ne manomi lokacin noma da girbi, da makiyayi, da mai ɗibar itace, da mai fita da dare ba fitila ba takalmi.

Me ya sa aka ce gobe da nisa? Dafinta yana hana jini daskarewa. Da fari wurin saran yana zafi, yana kumbura, ke nan. Mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana cin tuwo, ana cewa ai da sauƙi. Bayan sa'o'i, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu, sai jini ya fara fita daga dasashi, daga hanci, daga tsohon miki, ko cikin fitsari. Mafi muni shi ne wanda ke zuba a ciki, a ciki ko a ƙwaƙwalwa, inda ba mai gani. A ganina nan ne haɗarin kububuwa yake: tana ba mutane lokacin da za su ce ba komai.

A likita akwai gwaji mai sauƙi. Ana ɗibar jini kaɗan, a zuba cikin ƴar kwalba mai tsabta, busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba. In jinin ya yi guda, da dama. In ya zauna ruwa-ruwa, dafi ya shiga jiki, sai allurar kashe dafi. Allurar tana aiki ko an yi kwanaki, amma wanda ya zo da wuri ya fi samun sauƙi.

Can arewa, inda rairayi ya yi yawa, wajen hanyar Agadas, akwai ƴar uwarta mai launin rairayi. Sau da yawa tana da ƙaho biyu ƙanana bisa ido. Tana nutsewa cikin rairayi, ido kawai ke waje, kuma a karkace take tafiya. Ita ma dafi gare ta. Ƴaƴan makiyaya sun fi mu saninta.

Kasa

Kasa gajera ce, mai kauri kamar damtsen ƙato. Takan kai mita ɗaya. Kanta faɗi gare shi, mai kusurwa uku, wutsiyarta guntuwa. A bayanta akwai zane mai kama da harafin V, jere tun daga wuya har wutsiya, baƙi-baƙi da rawaya-rawaya. Sawunta a rairayi miƙaƙƙe ne, kamar an ja taɓarya, gama ba ta cika lanƙwasa in tana tafiyar hankali ba.

Ana cewa wane ya yi barcin kasa. Gaskiya ba barci take ba, kwanto take. Takan kwana da yini wuri ɗaya tana jiran kusu ya gifta. Ta dogara ga launinta, shi ya sa ba ta kaucewa daga hanya, har a taka ta. In ta ji motsi takan kumbura, ta yi huci mai ƙarfi kamar zugazugin maƙeri. Nauyin jiki gare ta wajen tafiya, amma ba wajen sara ba.

Fiƙarta dogaye ne. Saranta yana kumbura ƙafa ko hannu ƙwarai, fata ta yi bororo, nama ya ruɓe. In an yi jinkiri akan kai ga yanke gaɓa. Kasa ba ta yin ƙwai, haihuwa take, ƴaƴa 20 ko fiye a ciki ɗaya, kuma kowane da dafinsa tun ranar haihuwa.

Masu fasa kai

Akwai macizai biyu dogaye da ke miƙewa tsaye su fasa kai, wato su buɗe wuya ya yi faɗi kamar ludayi. Sunansu yana sauyawa daga gari zuwa gari, wani wuri ma suna ɗaya ake kiransu. A wannan darasi, mai tofi shi ne kumurci, marar tofi ita ce gamsheƙa.

Kumurci baƙi ne mai sheƙi, sau da yawa da ja-ja a maƙogwaro. Yakan kai mita 2. Yana son kusa da mutane: suri, tsohon kango, gindin rumbu, akurkin kaji. Kwaɗi da ƙwai da ƴan tsaki ke kawo shi. In ya ga ba mafita sai ya feso dafi, yana auna ido, kuma tofinsa yana kai mita 2 ko fiye. Dafin ba ya cutar lafiyayyar fata, a wanke kawai. A ido kuwa zafi ne kamar barkono, yana iya makantarwa. Maganin farko ruwa ne. A wanke idon nan da nan da ruwa mai yawa, a yi ta zubawa har wajen minti 15, ba murzawa, ba ɗiga ruwan wani ganye. Sannan a tafi likita. A garka dai ba a rasa guga.

Gamsheƙa launinta daga ƙasa-ƙasa zuwa baƙi. Ba ta tofi. Dafinta jijiya yake kamawa. Idon mutum ya yi nauyi kamar mai jin barci, magana ta sarƙe, miyau ya ƙi haɗiyuwa, daga baya numfashi ya gagara. Wannan ba ya jiran gobe, cikin sa'o'i kaɗan yake aikinsa.

Ku lura da abu ɗaya. Ana yawan cewa maciji mai dafi shi ne mai kai kusurwa uku. Ga kasa da kububuwa haka ne. Amma kan kumurci, in bai fasa ba, ba shi da wani bambanci da na maciji marar dafi. Wannan ƙa'ida rabin gaskiya ce, kada ku dogara da ita.

Akwai kuma wani ɗan baƙin maciji mai santsi, kauri kamar yatsa, idanunsa ƙanana ƙwarai, wutsiyarsa guntuwa mai tsini. Cikin ƙasa yake zaune, yana fitowa da dare bayan ruwan sama, ko hauya ta tono shi. Ganinsa kamar ba zai iya komai ba. Amma fiƙarsa ta gefen baki take fita, ko an kama shi a wuya sai ya soki yatsa. Saransa zafi ne ƙwarai, yakan ruɓar da yatsa.

Masu taimakon mai garka

Sauran fa? Wanda kuka fi gani da rana tsaka, siriri, dogo kamar bulala, mai zane a tsaye daga kai har wutsiya, wanda ke wucewa fyu kafin a ce me, farautar ƙadangare da kusu yake. Dafinsa kaɗan ne, ba ya kashe mutum. Wani kuma gajere ne, mai kauri, mai santsi, rawaya-rawaya da manyan tabo masu duhu, kansa ƙarami ba a rabe shi da wuya. Cikin rairayi yake nutso. Ba shi da dafi ko kaɗan, matse kusu yake kamar ƴar mesa. Sau da yawa ana kashe shi a kan kasa ce. Mesa kanta ba ta da dafi, kuma ta fi son inda ruwa ba ya ƙafewa, ba kasafai ake ganinta a nan ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne mai shan ƙwai. Kusan ba shi da haƙori. Yana hawa ƙaya ya sami sheƙa, ya haɗiye ƙwan da ya fi kansa girma, ya fasa shi da ƙashin wuyansa, ya shanye ruwan, ya amayar da ɓawon. Ba shi da makami, sai ya ari rigar kububuwa: launinsa irin nata, yana nannaɗewa kamar ita, har sautin nan na goga jiki yana yi. Masana kansu sai sun duba da kyau suke rabe su. To, ɗan makaranta fa? Duk wanda ya yi kama da kububuwa, a ɗauke shi kububuwa.

Waɗannan macizai suna rage kusu, kusu kuwa shi ke cinye dankali a ƙasa da hatsi a rumbu. Garkar da aka kashe macizanta duka, kusu ya samu sarauta. Kulɓa da tsaka ma, da ake tsoro, ƙadangaru ne, ba su da dafi.

Yadda ake dubawa

Ana gane maciji da ido da kunne, ba da hannu ba, ba da sanda ba. A tsaya nesa, taki biyar ko fiye. A duba tsawonsa da kaurinsa, da zanen bayansa, da abin da ya yi da ya ga mutum: gudu ya yi, ko nannaɗewa, ko huci, ko fasa kai? Sannan a bar masa hanya, a kira babba: "Baba, ga maciji gindin shinge." Da dare za ku ji tsofaffi ba sa kiran sunansa, sai su ce igiyar ƙasa.

Mutane da yawa wajen kisa ake saransu. Mataccen ma ba abin wasa ba ne, yankakken kai yana iya sara bayan an raba shi da jiki.

A garka, kada a tura hannu inda ido bai gani ba: ramin kusu, suri, ƙarƙashin ganyen kabewa, tarin taki. A fara taɓawa da doguwar sanda. Dami da kara, a juya su da sanda kafin a ɗauka. A share hanyoyin da ke tsakanin fangula, a nisanta tarin itace daga rijiya. A sa takalmi rufaffe in akwai, a riƙa taku da ƙarfi. Da dare a riƙe tocila. A gida kuma, gidan sauro da aka soke ƙarƙashin tabarma ba sauro kaɗai yake tsarewa ba.

In an yi sara

A janye mutum daga wurin, a kwantar da shi, a kwantar masa da hankali. Gudu yana sa dafi yawo cikin jiki. A cire zobe, da awarwaro, da takalmi, tun wurin bai kumbura ba. A ɗora gaɓar a kan sanda, a naɗe ta sako-sako kamar karaya, don kada ta motsa. A riƙe lokacin da abin ya faru. A ɗauke shi a amalanke, ko babur, ko mota, zuwa likita mafi kusa. In yana amai a kwantar da shi a gefe. Daga Tanut zuwa babban asibitin Damagaram kusan kilomita 150 ne, saboda haka ba a jira a ga abin da dare zai yi.

Ba a ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba, yana kashe ta. Ba a tsaga, gama wanda kububuwa ta sara jininsa ba ya tsayawa. Ba a tsotsa da baki. Ba a ba shi asfirin, yana ƙara zubar jini. Baƙin dutsen da ake mannawa, an gwada shi, ba ya fitar da dafin da ya shiga jiki. Ba a ɓata lokaci wajen neman macijin. Wanda ya gan shi ya faɗa wa likita kamanninsa, ya isa.

Wani zai ce: "Malam, ai an yi wa kawuna maganin gida ya warke." Gaskiya ne ya warke. Amma ku tuna macizai da yawa ba su da dafi, mai dafin ma wani lokaci yana sara bai zuba komai ba. Irin wannan, ko ruwa aka shafa masa zai tashi. Wanda dafin kububuwa ya shiga jininsa sosai, allurar nan ce maganinsa. Ku faɗa wa iyayenku haka, cikin ladabi.

Abin bai tsaya ga Damargu ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, yawancinsu talakawan karkara. A 2017 ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta ɗauki niyyar rage mace-macen da rabi kafin 2030. A Kaltungo, cikin jihar Gombe ta Nijeriya, kububuwa ta yi yawa har akwai asibiti musamman na saran maciji.

Kalmomi

maciji: le serpent
dafi: le venin
fiƙar maciji: les crochets
saɓa: la mue
kasa: la vipère heurtante
kumurci: le cobra cracheur
allurar kashe dafi: le sérum antivenimeux

Tambayoyi

1. Me ke kawo maciji cikin garka?
2. Da me kububuwa ke yin sautinta? Me ya sa ake ce mata gobe da nisa?
3. Ƙanenka ya shigo yana kuka, kumurci ya tofa masa a ido. Me za ka fara yi?
4. Me ya sa ba a yi wa wanda maciji ya sara tsaga?
5. Mai garka ya ce zai kashe duk macijin da ya gani. Me zai samu, me zai rasa?

Aiki

Ku tambayi kakanninku sunayen macizan da ba mu ba suna ba a darasin nan. Wanda ke jin Tamajaƙ, ko Fulatanci, ko Barbarci, ya kawo sunan a harshensu. Ku rubuta kowane suna da kamanninsa cikin kaye. Ranar Litinin za mu jera su a allo, sannan mu fita garkar makaranta da dogayen sanduna, mu zana taswirarta, mu sa jar alama a duk inda maciji zai iya ɓuya.